Babi na Biyar a Bayan Iyakar Madina

Tunda na dawo, duk wanda ya shigo ofishina sai ya yi mini barka da sauka, ya ɗauki dabino uku, sannan ya gyara zama ya fito da abin da ya kawo shi: wai da gaske ne na bi Farfesa har Madina da kundin digirina? Da gaske ne. Na gaji da maimaitawa, dabinon ma ya ƙare, don haka ga shi a rubuce, kowa ya karanta ya bar ni in yi makin jarrabawa.

Sunana Rabi, adabin Turanci nake koyarwa, kuma shekara tara ke nan ina fama da digiri na uku a kan wani marubucin ƙagaggun labarai ɗan Amurka wanda ya mutu tun ba a haifi kakata ba. Ba zan faɗi sunansa ba, don ko a gidana an hana ambatonsa lokacin cin abinci. Yarana Baturen Mama suke ce masa. Da aikin akawu ya fara a wani kanti, yana tura labarai jarida, har ya yi suna da littattafai masu kaurin da za a iya tokare ƙofa da su. Yana tsakiyar na ƙarshe ya ajiye alƙalami, ya koma ƙauye dashen tuffa, ya ƙara shekara goma sha biyar a duniya bai sake fitar da ko shafi ɗaya ba. Babi na biyar na kundina a kan wannan shirun yake. Ni na ce da gangan ya yi, ya gama faɗin abin da zai faɗa ya tashi. Farfesa mai duba aikina kuwa, tun ina 'yar aji ɗaya yake koyar da cewa kasuwa ce ta juya masa baya ya yi fushi.

Muna cikin wannan jayayya Farfesa ya yi ritaya, ya tattara ya koma Madina wurin 'yarsa Binta da ke aure a can. Babi huɗu ya riga ya amince da su. Na biyar na tura ta imel, na tura ta waya, na ba wani mai zuwa aikin Hajji ya kai da hannu, shiru. In na kira Binta sai ta ce Baba ya ce a gaishe ni da yara. Ana nan sai makarantar manyan digiri ta rubuto cewa in takardar amincewa ba ta iso da sa hannunsa na biro ba kafin ƙarshen zango, rajistata ta mutu. Wanda za a ba ni a madadinsa ya riga ya tare ni a wurin ajiye motoci ya gaya mini, yana murmushi, cewa daga babi na ɗaya za mu faro. Shekarata arba'in da bakwai, kuma na san ba ni da wasu shekara taran.

Maigidana ne ya ce in tafi Umara, in yi ibada, in kuma nemo malamina. Shi aiki ba zai bar shi ba, sai aka haɗa ni da Goggo Asabe, ƙanwar babana, wadda ta je sau uku kuma take maganar Madina kamar unguwarsu ce. Kuskuren da na yi shi ne barin ta ta yi sallama da mutane. Kafin kwana biyu falona ya cika da saƙo. Ashe babu gida a layinmu da ba shi da wani a Saudiyya, kuma duk cikinsu babu mai kewar komai sai kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji. A filin jirgin Kano aka ɗora akwatina a sikeli, kaya suka zarce. Goggo ta leƙa ciki, ta zaro kundina mai shafi ɗari uku da ɗoriya, ta ce a bar wannan, ai takarda ce, ana samunta ko'ina. Ni kuma na zaro ƙullin kuɓewa biyu na miƙa wa maigidana. Ba ta yi mini magana ba har muka sauka, sai dai da aka kawo abinci a jirgi ta miƙo hannu ta ɗauke biredina.

A wurin duba fasfo na Madina ne ta fara gamuwa da nata. Ta sha lalle har gaɓa ta biyu don murnar tafiya, na'urar ɗaukar zanen yatsa kuwa ta ƙi ta. Jami'in ya goge gilashin, ya ba ta auduga, ya danna yatsan da kansa ta bayan takarda don kada ya taɓa ta, na'ura ta yi mursisi. Goggo ta juyo gare ni ta fara bayani da Hausa, da murya yadda kowa zai ji, cewa wannan bai san aikinsa ba, ko gaisuwa bai iya ba, da ganinsa alfarma aka yi aka ɗauke shi. Bai ɗago ba sai da na'urar ta karɓa. Ya buga hatimi, ya miƙa mata fasfo, ya ce da Hausa mai nauyin Larabci, "Sannu da zuwa, Hajiya. Kakata ma haka take faɗa." Goggo ta karɓi fasfonta ta wuce tana gyara mayafi, ba ta ko waiwaya ba.

Ni a wurin binciken kaya na tsaya. Kundin ya yi tafiyar ne tsakanin leda biyu ta daddawa, kuma da aka buɗe akwatin sai da mai binciken ya ja da baya. Ya ɗaga littafin da yatsa biyu, ya buɗe, ya ga hoton Baturen da gemunsa har ƙirji. Ya tambaye ni da Turanci ko mutumin ya musulunta. Na ce ban ga alama ba a wasiƙunsa. Ya tambayi shekara nawa na yi a kansa, na faɗa masa. Ya mayar mini da kundin a hankali, yadda ake miƙa wa mara lafiya ruwa.

Masaukinmu ɗaki ne na mutum huɗu a hawa na tara, mu da wasu mata biyu 'yan Gusau, uwa da 'ya. Rigimar ɗakin ɗaya ce, ta na'urar sanyi: su suna so, Goggo tana cewa ba ta biya kuɗin jirgi don ta zo ta kwanta a firiji ba. Abinci kuwa shinkafa ce rana da yamma, ta sha kayan ƙamshi amma babu barkono ko na rantsuwa. Da safe wake ne dafaffe da aka dame da man zaitun, da wata gurasa mai faɗin faifai da suke kira tamis, wadda na so ƙwarai. Goggo ta kwance yajin saƙon wata Hajiya Laraba ta ce aro ne, daga ranar duk teburinmu ya zama wurin ziyarar 'yan Najeriya.

Ranar farko ban nemi kowa ba, Masallacin Annabi muka tafi. Ba zan iya kwatanta shi ba, kuma ba zan gwada ba. Na yi kuka sosai, na yi wa iyayena addu'a, kuma a karon farko cikin shekara tara na yi awa biyu cur ban tuna da Baturen ba. Sai da muka fito muna neman takalmanmu ya dawo mini.

Kwana biyar za mu yi a Madina kafin motar Makka. Rana ta biyu na ɗauki kundi, Goggo ta ɗauki tsarabar Binta, muka tari tasi zuwa Ƙuba, unguwar su Binta. Direban Bahaushen Chadi ne, Idirisa, shekararsa ashirin a garin. Na fara karanto masa adireshi, ya ɗaga hannu ya ce khalas, wato ya isa, in dai gidan da tsohon malamin Kano yake ne, gidan Katsinawa ne, ya san shi. A hanya ya ba mu labarin duk wanda ya yi aure da wanda takardar zamansa ta ƙare a cikin Hausawan unguwar, rabi da Hausa rabi da Larabci, Goggo tana amsawa kamar ta san su.

Gidan ƙofa biyu gare shi, kowace da ƙararrawarta. Ni da na saba tura ƙofar ofishin Farfesa in shiga, na nufi ta dama da kundina a ƙirji. Idirisa ya danna hon ya nuna mini ta hagu, ya ce waccan majalisar maza ce. Ta hagun Binta ta buɗe. Rabona da ita tun tana kawo mana ruwa in mun je gidansu duba aiki, yanzu ga ta da 'ya'ya uku masu jin Hausa suna mayar da amsa da Larabci. Ta kai mu wurin surukarta, Hajiya Umma, tsohuwa mai fara'a, haifaffiyar Madina, wadda babanta ya taso daga Katsina a ƙasa, ya shekara bakwai a hanya. Hausarta irin ta kakanni ce, har da kalmomin da rabona da jin su tun rasuwar tawa kakar.

Aka kawo gahawa a wasu 'yan kofuna da ba su fi murfin kwalba ba. Ina shanyewa in miƙa, a sake zubawa. Ni a tarbiyyarmu ba a mayar da abin da babba ya ba ka, su kuma a tasu ba a daina zubawa sai baƙo ya girgiza kofin. Goggo ta san haka sarai. Tun a na biyu ta girgiza nata ta koma gefe tana kallona, saboda kuɓewa. Sai da na sha goma sha ɗaya, hannuna ya fara rawa da kansa, sannan Binta ta ɗauka na ƙoshi ta karɓi kofin.

Aka ci abinci, aka yi La'asar, aka sha shayi mai na'ana'a. Duk lokacin da na ce ina Farfesa, sai a ce yana hutawa, ko yana masallaci, ko yana da baƙi. Can na ji muryarsa daga bayan ƙofa yana cewa, "Malama Rabi, kun zo lafiya? Ya yara?" Kafin in gama durƙusawa in amsa, na ji takun sandarsa ya yi nisa. Jim kaɗan aka shigo da kaskon turaren wuta aka zagaya da shi. A Kano in an kunna wa baƙuwa turare, an karrama ta ne, ta saki jiki. Sai na cire mayafi, na miƙe ƙafa, na buɗe kundi a cinya ina jiran a kira ni. Goggo ta miƙe ta ɗauki jakarta, ta raɗa mini cewa a nan turare sallama ce, in tashi kafin su kawo tsintsiya.

Rana ta uku mijin Binta, Abdurrahman, ya shiga maganar. Ma'aikaci ne a kamfanin wutar lantarki, mai yawan dariya, yana jin Hausa tsaf amma in ya yi jimla uku sai ta huɗu ta zame masa zuwa Larabci. Shi ya shirya mana zama a falon iyali. Farfesa ya shigo riƙe da hannunsa, abin da ban ɗauka komai ba, don a can maza suna tafiya hannu da hannu. Ya rame, ya yi fari fat cikin jallabiya. Tabaran nan da yake saukewa kan karan hanci ya harari ɗalibi ta samansa babu shi, har na ce a raina albarkar Madina ta gyara masa ido.

Muka gaisa. Ya tambayi mutanen sashe ɗaya bayan ɗaya, har da masinja. Da na ga hirar za ta kai mu Magariba, na tura kundin gabansa, na ɗora takardar sa hannun a kai. Bai ko kalli wurin ba.

"Malama Rabi," ya ce, "shekara arba'in na yi ina karanta ƙaryar da Turawa suka ƙirƙira, ina cin abinci da ita. Ranar da na shigo garin nan na yi alkawari tsakanina da Ubangijina cewa a cikin Haramin Manzo ba zan sake buɗe ƙagaggen labari ba, ko abin da aka rubuta a kansa. Ba fatawa nake ba ki ba. Alkawari ne."

Na yi masa bayanin wa'adi, na ambaci wanda za a ba ni a madadinsa, na ga gefen bakinsa ya motsa don sun daɗe ba sa ga maciji. Amma bai sauko ba. Sai na yi abin da nake jin kunyarsa har yau: na ce to ya sa hannu kawai, ba sai ya karanta ba. Ya miƙe zaune. Ya ce tunda yake bai taɓa sa hannu a abin da bai bi layi-layi ba, kuma ba a garin Manzo zai fara shaidar zur ba. Ba zai karanta ba, ba zai sa hannu bai karanta ba. Na yi kuka a tasin Idirisa tun daga Ƙuba har masauki, shi kuwa yana ta miƙo mini takardar share hanci yana ce mini sabur, sabur, wato haƙuri, ya ɗauka rasuwa aka yi.

Rana ta huɗu ta ziyara ce. Aka zuba mu a bas aka kai mu Uhudu da sauran wurare, aka ƙare da kasuwar dabino, inda Goggo ta ɗanɗana kala tara ta sayi ɗaya. Ni jikina duk a mace. A hanyar dawowa mai yi mana jagora ya nuna wasu dogayen alamu a bakin titi, ya ce nan ne iyakar Harami, daga nan zuwa can an fita. Ban ko ɗaga kai ba. Goggo ce ta sa shi ya maimaita, sannan ta ce mini in shirya, da La'asar za mu koma Ƙuba.

Ba ta tsaya gahawa ba. Ta aika a ce wa Malam tsohuwa tana son gaishe shi, kuma da ya zo ta gaishe shi da kyau, ta yi masa addu'a, sannan ta ce, "Malam, ni ban yi boko ba. Alkawarin nan naka, a cikin Harami ka ce, ko a duk ƙasar Saudiyya?"

Ya ce a cikin Harami.

"To ai na ga inda ya ƙare. Ko minti ashirin ba a yi a mota."

Abdurrahman ya fashe da dariya har yana dukan cinya, ya ce wallahi Hajiya ta fi lauya, motarsa tana nan, gobe ba shi da aiki. Binta ba ta yi dariya ba, ƙasa take kallo. Farfesa ya daɗe yana jan carbi. Ni ina ta murna a ciki, ina ganin an kama shi. Daga ƙarshe ya ce Allah ya kai mu goben, da wata murya da ban san shi da ita ba.

Gobe kuwa ita ce ranar tafiyarmu, motar Makka za ta tashi bayan Azahar. Da hantsi Abdurrahman ya ɗauke mu, Farfesa a gaba, ni da Goggo a baya, kundi a cinyata. Muka bar gidaje, muka bar gonakin dabino, muka wuce alamar. Gaba kaɗan akwai shataletale, da gidan mai, da wani shagon shayi inda direbobin manyan motoci ke hutawa. Aka ba mu tebur a ɓangaren iyali, wanda labule ne kawai ya raba shi da na direbobin.

Farfesa ya miƙo hannu, na ɗora masa kundin. Ya auna nauyinsa, ya kai shi hanci, ya ce ko ba komai aikin yana ƙamshin gida. Ya nemi jan biro, na ba shi, don na zo da guda uku. Ya cire murfin, ya riƙe, sannan ya turo mini kundin ya ce in karanta. Na ce ai na karanta, ni na rubuta. Ya ce da baki, daga farko, har da bayanan ƙasan shafi. Na ɗauka horo ne na rashin kunyar da na yi masa. Na dubi agogo, na dubi shafi arba'in da shida, na fara.

Ban kai ƙarshen shafin farko ba tsohon Farfesa ya dawo. Ya buga tebur ya ce wannan jimla ta yi tsawo, in ta gaji ta zauna. Ya ce wancan masanin da na kafa hujja da shi bai taɓa gama karanta littafi ba a rayuwarsa. Ya kawo sakin layi guda daga littafin Baturen na uku, da ka, babu tuntuɓe, ya ce in gaya masa ko mai rubuta wannan ya yi kama da wanda zance ya ƙare masa. Ni ma na manta da ladabi na fara mayar masa. Direbobi suka ɗaga labule suna leƙen wata mata da ke karanta wa tsoho Turanci suna faɗa. Wani ya tambayi Abdurrahman ko rabon gado ake yi, ya ce masa kusan haka. Goggo ta sa aka kawo mata shayi na uku, kuma duk lokacin da shugaban tawagarmu ya kira sai ta ce masa muna hanya.

A shafi na talatin da ɗaya akwai wani ɗan bayani a ƙasa, layi biyu, da na saka don cika ƙa'ida. Na rubuta cewa wasiƙun da Baturen ya aika wa ƙanwarsa daga ƙauye, waɗanda a cikinsu yake cewa ya huta kuma dashen tuffa ya fi masa rubutu, ba da rubutun hannunsa suke ba, na 'yar ɗan'uwansa ne. Na karanta na wuce. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya tambaya ko duka ne, na ce duka, tun daga shekarar da ya daina. Ya tambaya ko akwai ko guda da ya rubuta da kansa bayan nan. Na ce ban gani ba.

Ya ajiye biron. Ya ce shekara talatin yana koyar da kuskure, ni kuma na shekara tara ina gina nawa kuskuren a gefen nasa.

"Ba fushi ya yi ba, ba kuma gamawa ya yi ba. Kasawa ya yi. Hannu ne ko ido, ki je ki bincika. Mutum irin wannan ba ya ajiye aikinsa don ya so. Abin yana ƙwace masa ne, sai ya nemi dalili mai kyau da zai riƙa faɗa wa mutane, don kada a tausaya masa."

Na buɗe baki zan yi musu, sai na lura da inda yake kallo. Ba ni yake kallo ba, gefen kafaɗata yake kallo, inda muryata take fitowa. Na dubi jan biron da bai taɓa takarda ba tun safe. Na dubi Abdurrahman, ya kawar da kai yana wasa da makullin mota. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Wata goma sha huɗu ina tura wa mutumin nan takardu ina jin haushin shirunsa, na biyo shi har gidan surukai, na sa an yi masa dabara an fito da shi bakin titi.

Ya ce in ci gaba, saura shafi goma sha biyar. Na karanta su, bai fasa gyara mini ko ɗaya ba. Da na gama ya ce babin ba daidai yake ba, amma aikin malami ne, kuma wanda ya iya tono wannan layi biyun zai iya gyara sauran. Ya ce in kawo takardar. Na shimfiɗa ta a gabansa, ya ɗauki biro ya tsaya. Goggo ce ta matso, ta kama bakin hannun rigarsa ta ja shi har kan layin. Ya sa hannu da jan biro, rabi a kan layi rabi a kan sunan shugaban sashe. Haka na miƙa ta a makarantar manyan digiri, kuma sun karɓa. Babin ina sake shi yanzu daga tushe, ba wanda ya sa ni.

Motar Makka mun same ta da ƙyar, 'yan Gusau suna ta harararmu ta taga. Ba don karatun muka makara ba. Da muka taso daga shagon shayin, Farfesa bai yi shiru ba. Ya juyo rabin jiki yana gaya mini inda zan nemi takardun likitan ƙauyen, da abin da zan yi da babi na biyu in hasashensa ya tabbata, da wani wuri a littafin ƙarshen da ya ce yanzu ne ya gane shi. Fuskarsa ta yi haske, hannunsa yana yawo a iska kamar yana gaban allo. Da muka iso shataletalen, alamar Harami tana hango mu, sai ya katse maganar a tsakiya ya tambaya ko mun shiga.

Abdurrahman ya dube ni ta madubi. Na dubi agogo, na dubi Goggo, ta ɗaga kafaɗa.

"Tukuna, Baba," ya ce, ya karya kan motar ya sake bin shataletalen.

Sau biyar muka zagaya, Farfesa yana magana ina rubutawa a bayan tikitin jirgi. Na tabbata tun a zagaye na biyu ya gane, don jiki yana jin juyin mota. Bai sake tambaya ba sai da ya kai aya.